Hotunan Ƙirƙirarriyar Basira da Kwanciyar Hankalin Ma'aikaci: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da manhajojin ƙirƙirar hoto suka shigo wayoyin jama'a ake ta turo mini tambayoyi a kan ko za su yi wa ma'aikaci wani amfani idan aiki ya sha masa kai. Cikin masu tambayar akwai ma'aikatan banki, akwai malaman jinya, akwai malaman makaranta, akwai kuma shugabannin ma'aikata da ke neman abin da za su yi wa mutanensu. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su da abin da na karanta da kuma abin da na gani da idona a wurin aiki.

Wane irin hoto ake nufi, kuma yaya na'ura take yin sa?

Hoto ne da ba kyamara ce ta ɗauka ba, ba kuma hannun mai zane ne ya zana ba. Kai ne za ka rubuta bayanin abin da kake son gani, ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta fito maka da shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shekarar 2022 ce abin ya fito fili: DALL·E 2 na kamfanin OpenAI ya bayyana a watan Afrilu, Midjourney a watan Yuli, Stable Diffusion kuma a watan Agusta. A watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya buɗe Meta AI ga masu amfani da WhatsApp a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Ghana, daga nan ne mutane da yawa a wajenmu suka fara taɓawa ba tare da sun sauke wata sabuwar manhaja ba.

Yadda yawancinsu ke aiki shi ne, an ciyar da na'urar ɗimbin hotuna tare da rubutun da ke bayanin kowanne. Wani rumbu da ake kira LAION-5B, wanda aka ɗebo daga cikinsa wajen horar da Stable Diffusion, yana ɗauke da hoto da bayani sama da biliyan 5. Idan ka ba ta umarni, tana farawa ne da wani dishi-dishi irin na tsohuwar talabijin da eriyarta ta goce, sai ta riƙa share dishin mataki-mataki har siffar da ta yi daidai da kalmominka ta fito. Ba ta san garinku ba, ba ta taɓa jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari ba. Abin da aka fi nuna mata shi take maimaitawa, kuma za mu dawo kan wannan.

Me ya haɗa kallon hoto da lafiyar ƙwaƙwalwa? Akwai hujja, ko dai zance ne kawai?

Akwai hujja, amma a san iyakarta.

A shekarar 1984 wani mai bincike mai suna Roger Ulrich ya wallafa wani nazari a mujallar Science. Ya bi bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire madaciya a wani asibiti da ke jihar Pennsylvania ta Amurka tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabin kuma na kallon katangar bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga barin asibiti, sun yi kusan kwana 8, su kuwa masu kallon katanga sun doshi kwana 9. Sannan ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar na 'yan uwansu ba, malaman jinya ma ba su cika rubuta ƙorafi a kansu ba.

Rachel Kaplan da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan su ne suka yi wa abin bayani mai gamsarwa. Sun ce hankalin mutum iri biyu ne. Akwai wanda kake tilasta wa kanka, kamar lokacin da kake bin lissafi layi-layi ko kake duba takardun jarrabawar yara tamanin. Wannan yana gajiya kamar yadda dantse yake gajiya. Akwai kuma wanda yake tafiya da kansa ba tare da ka ja shi ba, kamar idan kana zaune a zaure kana kallon ruwa na zuba daga indararo, ko garken shanu na wucewa da yamma. Idan na biyun ya karɓi aiki, na farkon sai ya samu ya huta. A 2008 wasu masu bincike a wannan jami'a suka nuna cewa ko hotunan daji da ruwa aka nuna wa mutum, ba sai ya fita da ƙafarsa ba, ana ganin ɗan ci gaba a yadda yake tattara hankalinsa.

Wanda ya fi kusa da rayuwar ofis shi ne na Jami'ar Melbourne ta Ostireliya a 2015. An ba ɗalibai 150 wani aiki mai gundura a kwamfuta, a tsakiyar aikin aka ba su hutun daƙiƙa 40. Wasu suka kalli hoton rufin bene na siminti tsurarsa, wasu suka kalli rufin da ciyawa da furanni suka lulluɓe. Da aka koma aiki, masu kallon kore sun fi ƙarancin kuskure.

Duk waɗannan an yi su ne kafin manhajojin ƙirƙirar hoto su fito, kuma abin da suka nuna shi ne ɗan sauƙi na ɗan lokaci. Hankali yana hutawa, kuskure yana raguwa, ƙirji yana ɗan sakewa. Duk wanda ya ce maka hoto yana warkar da ciwon damuwa ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

To me zai hana in kalli hoton gaske? Me na'urar ta ƙara?

Babu abin da zai hana, kuma idan kana da taga mai kallon bishiya, ta fi kowane hoto. Idan kana da hoton gonarku da ka ɗauka da kanka, shi ma ya fi. Inda na'urar take da rana shi ne wurin da babu hotonsa.

Na yi aiki da wani dattijo mai kula da asusu, wanda ƙarshen wata ke zame masa tashin hankali. Ɗakinsa ba taga, fanka ɗaya, fayil har saman kabad. Wata rana ya ce mini abin da ya fi kewa a duniya shi ne wata fadama da ke bayan ƙauyensu, inda suke kiwo suna yara. Yanzu an yanka wurin filaye, gidaje sun cinye shi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Muka zauna bayan sallar azahar muka yi ta gwadawa. Na farko ya fito da duwatsu masu ƙanƙara, ya girgiza kai. Muka ce ƙasa ja, muka ce giginya, muka ce ruwan ba mai gudu ba ne, kwantacce ne, da bado a samansa. A karo na shida ko na bakwai ya yi shiru, ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya ce, "To, nan ne muke ajiye takalmanmu." Ba wurin ba ne, shi ma ya sani. Amma ya isa ya buɗe masa ƙofar tunawa. Ya sa hoton a fuskar kwamfutarsa, kuma na sha ganinsa ya ture kujera baya, ya harɗe hannu, ya dube shi na minti ɗaya kafin ya koma kan lissafi.

Abin da na lura da shi a ranar shi ne rabin amfanin ba a hoton yake ba, a zaman da muka yi ne. Mutumin da shekara uku ban taɓa jin ya yi zancen da ya wuce aiki ba, sai ga shi yana ba ni labarin mahaifinsa da sunayen shanunsu.

Shin damuwar wurin aiki ta kai a tsaya ana wannan dogon zance?

Ta kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 15 cikin 100 na manyan da ke shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ta kuma ce duk shekara ana asarar ranakun aiki biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ke jawo wa duniya hasarar kimanin dala tiriliyan 1. A 2019 hukumar ta sanya ƙonewar ƙarfi saboda aiki cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin halin da aiki ke jefa mutum. Alamominsa uku ne: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, jin zuciyarka ta fita daga aikin, da kuma ganin ba ka iya abin da ka saba iyawa. Ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, 10 ga Oktoba, a 2024 kan wurin aiki aka yi ta gaba ɗaya.

Yaya zan rubuta umarnin don in samu hoto mai kwantar da hankali?

Ka rubuta kamar kana kwatanta wa makaho wuri. Faɗi wurin, faɗi lokacin, faɗi yanayin haske, sannan ka faɗi abin da ba ka so. Misali: gonar gero a ƙarshen damina, bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ƙasa ja, bishiya ɗaya babba a gefe, babu mutum, babu mota, babu rubutu. Wuri mai faɗi da ido zai yi nisa a cikinsa ya fi wuri mai cunkoso. Launi mai laushi ya fi mai ƙyalli. Ruwa kwantacce ya fi ambaliya.

Sai dai a kula da harshe. Waɗannan manhajoji sun fi jin Turanci nesa ba kusa ba, Hausarsu tana tangal-tangal. Kalma ɗaya mai ma'ana biyu tana iya juya hoton gaba ɗaya. Wata abokiyar aikina ta nemi bishiyar kuka, sai na'urar ta ɗauki kukan hawaye, ta kawo mata wata mace tana sharɓar kuka a gindin bishiya. A ranar kuwa ba ta jima da rasuwar ƙanwarta ba, abin ya taɓa ta sosai. Tun daga nan nake ba da shawara a kira bishiyar da sunanta na Turanci, wato baobab, ko a rubuta bayanin da Hausa a ce wa manhajar ta fara fassara shi ta nuna maka, ka duba, sannan ta yi hoton.

Kada ka tsaya neman wanda ba shi da aibu. Idan ka yi gwaji biyar ko shida ka samu wanda ranka ya kwanta da shi, ka tsaya nan.

Me ya sa idan na ce ta zana mini likita ko manaja sai ta kawo Bature, idan na ce ƙauye sai ta kawo talauci?

Saboda abin da aka ciyar da ita ke nan. Kaso mai yawa na hotunan da aka horar da ita da su daga Turai da Amurka yake, kuma hotunan Afirka da suka fi yawo na yunwa ne da sansanin gudun hijira. A 2023 kafar Bloomberg ta sa Stable Diffusion ya ƙirƙiri hotuna sama da 5,000 na masu sana'o'i daban-daban. Ayyuka masu albashi mai tsoka suka fito da masu farar fata, galibi maza, ƙananan ayyuka kuma da masu duhun fata.

Wannan ya shafi zancenmu kai tsaye. Idan ofis ya manna hoton "ma'aikaci mai farin ciki" a bango, kuma babu ko ɗaya da ya yi kama da masu shiga ofishin, saƙon da ya isa gare su daban ne da wanda aka yi niyya. Idan dole sai da mutane a hoton, a fayyace: launin fata, irin tufafi, hula ko mayafi, irin ginin. A kuma nuna wa mutum biyu ko uku daga cikin ma'aikatan kafin a buga.

Ni Musulmi ne, ina da damuwa kan hukuncin hoto. Ina mafita?

Tambaya ce mai kyau, kuma ana yawan yi mini ita. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, musamman wanda ba a sassaƙa ba, kuma hukunci nasu ne, sai ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. Amma akwai faffaɗan fili da ba a cika jayayya a kansa ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, sai ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Abin sha'awa, irin hotunan da bincike ya nuna sun fi hutar da hankali su ne waɗannan ɗin: bishiya, ruwa, fili, sararin sama. Ba ka rasa komai ba idan ka tsaya a kansu.

Gargaɗi ɗaya nake yi da babbar murya. Kada a sa na'ura ta rubuta aya ko hadisi ko sunan Allah a cikin hoto. Tana yawan jagwalgwala haruffan Larabci, ta fito da abin da daga nesa kamar rubutu ne, daga kusa kuma ba ya karantuwa, ko ta canza harafi ma'ana ta juya. Idan kana son aya a jikin hoton, ka yi hoton daban, ka kwafo ayar daga ingantaccen mus'hafi ka ɗora da hannunka.

Za a iya amfani da hotunan a taron ma'aikata don mutane su faɗi abin da ke damunsu?

Za a iya, kuma a ganina nan ne amfaninsu ya fi girma. Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Ka tambayi mutum yaya aiki, zai ce da godiya. Yaya gajiya, zai ce babu gajiya, ko da kuwa jiya bai runtsa ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma tana sa mutum ya daɗe yana cin wuta a ciki ba wanda ya sani. Kalmar "taɓin hankali" kuwa ba mai son a jingina masa ita, don haka ko alamar zancen aka ɗauko sai kowa ya kama bakinsa.

Hoto yana ba mutum inda zai raɓe. Maimakon a ce "faɗi yadda kake ji", sai a shimfiɗa hotuna goma a tebur: kwalekwale a tsakiyar ruwa, hanya mai rassa biyu, jaki da kaya sun yi masa yawa, hadari ya haɗo, rijiya ta ƙafe, shuka ta fara tsiro. A ce kowa ya ɗauki wanda ya yi kama da makonsa. Wanda ba zai taɓa cewa "na gaji" ba zai iya ɗaga hoton rijiyar ya ce, "Ni dai wannan." Ya faɗi komai, kuma mutuncinsa na nan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa jinya ta hanyar zane suna a 1942, bayan ya ga yadda zane ya taimake shi yana jinyar tarin fuka. Abin da na'ura ta kawo shi ne wanda bai iya riƙe fensir ba ma yanzu zai iya fitar da hoton da ke ransa.

Amma akwai sharuɗɗa. Kada a tilasta wa kowa. Wanda ya ce zai saurara kawai, a bar shi. Kada mai jagorantar zaman ya zama shi ne mai rubuta rahoton ƙarin girma, domin ba wanda zai buɗe cikinsa a gaban mai riƙe da abincinsa. Kada a fassara wa mutum hotonsa, a ce ai wannan na nufin kana da matsala a gida. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Kuma a sani cewa wannan hira ce ta 'yan uwantaka, mai jagorantarta bai zama likita ba. Idan wani ya faɗi abin da ya fi ƙarfin zaman, a san inda za a kai shi tun kafin a fara.

Zan iya ɗora hotona ko na abokin aikina don a mayar da shi wani abu mai ban sha'awa?

Naka, ruwanka ne, amma ka sani duk abin da ka ɗora ya bar wayarka ya tafi rumbun wani kamfani a wata ƙasa, kuma wasu kamfanonin suna amfani da abin da aka ɗora wajen ƙara horar da na'urarsu sai idan ka shiga saituna ka hana. Na abokin aiki kuwa, kada ka taɓa sai da izininsa, ko da wasa ne. Na ga inda aka mayar da fuskar wata ma'aikaciya wani abin dariya aka watsa a zauren WhatsApp na ofis. Masu yi sun ce raha ce. Ita kuwa mako biyu ba ta shiga ɗakin cin abinci ba. Kayan da aka kawo don sauƙaƙa wa mutane sai ya zama sandar dukansu.

Haka nan kada ka rubuta sunanka, sunan ma'aikatarku da ciwon da ke damunka a cikin umarnin. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ma'aikatar da ta tara hotunan da ma'aikata suka yi a kan halin da zuciyarsu ke ciki, ta adana da sunayensu, ta ɗauko wa kanta nauyin da doka za ta tambaye ta.

Ni shugaban ma'aikata ne. Idan na buga irin waɗannan hotuna na rataya a ofis, na sauke nauyi?

Ranka ya daɗe, ba ka sauke ba. Wannan ce amsar da na fi so a ji a duk shafin nan.

Ma'aikacin da ya yi wata uku ba albashi, hoton korama ba zai biya masa kuɗin makarantar yara ba. Malamar jinya ɗaya da aka bar wa gado talatin a daren Allah, ba launin bango ne matsalarta ba. Wanda ogansa ke zaginsa a gaban na ƙasa da shi, idan ya ɗaga kai ya ga an rubuta "ka kwantar da hankalinka" a ƙarƙashin hoton faɗuwar rana, ƙuna za ta ƙaru a ransa, domin zai ga an san halin da yake ciki an zaɓi a shafa masa mai a baki. Na zauna a irin wannan ofis, na ga yadda mutane ke wuce hotunan ba sa ko ɗaga ido.

A watan Satumban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, tare da wata takardar manufa da suka yi da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Abin da suka sa a gaba shi ne gyaran aikin kansa: yawan aikin da ake ɗora wa mutum, tsawon sa'o'i, ba ma'aikaci ta cewa a kan yadda yake aikinsa, da hana cin zarafi da tsangwama. A karon farko kuma hukumar ta ba da shawarar a horar da shugabanni su iya gane ma'aikacin da ke cikin damuwa, su iya saurarensa. Dabarun da mutum zai yi wa kansa, irin su hutu da motsa jiki da kallon abin da ke sanyaya rai, suna cikin jagorar, amma a matsayin ƙari.

Saboda haka ga tsarin da nake ba da shawara. Fara da biyan haƙƙi a kan lokaci. Duba jadawalin aiki, ka tabbata mai hutu yana samun hutunsa, kuma ba a kiransa a waya ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ware wuri mai tsabta da mutum zai yi salla ko ya zauna shiru na minti goma. Idan da hali a buɗe taga, a dasa bishiya a harabar, ko darbejiya ce. Bayan wannan, sai ka tara ma'aikatan ka ce su zaɓi hotunan da suke so a bangonsu, su rubuta umarnin da kansu. A lokacin hoton zai zama nasu, kuma za su dube shi.

Akwai illar da abin zai iya yi wa mai amfani da shi?

Akwai. Ta farko cin lokaci. Manhajar tana da daɗin taɓawa, kowane hoto na kiran na gaba, sai ka shiga don hutun minti biyu ka fito bayan minti arba'in, aiki ya taru, damuwar ta ninka. Shi ya sa na fi son mutum ya yi hotunansa a ƙarshen mako, ya ajiye uku ko huɗu, a ranar aiki kallo kawai zai yi.

Ta biyu ido. Wanda ya wuni yana kallon kwamfuta, hutunsa bai kamata ya zama wani kallon allo ba. Likitocin ido suna ba da shawarar duk bayan minti 20 ka dubi abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Don haka bugawa a takarda a manna a bango mai ɗan nisa ya fi a bar shi a waya.

Ta uku ta fi ɓoyuwa. Wasu suna sa na'ura ta zana musu rayuwar da suke buri: katafaren gida, mota, ofis mai sanyi. Kallo ɗaya ko biyu ba laifi, amma mai yawan yi yakan dawo ya ga ɗakinsa ya ƙara ƙunci. Haka wanda ya yi rashi yake sa a "raya" masa hoton mamacin. Wani yana samun sanyi, wani kuwa mikin ne ke komawa ɗanye. Idan ka ga bayan kallon zuciyarka ta fi nauyi, ka bari.

Sannan na'urar takan yi kuskure mai tayar da hankali, hannu mai yatsu shida ko fuska a murɗe. Wanda zai nuna wa jama'a hoto ya fara dubawa da kyau shi kaɗai.

Sai na biya kuɗi?

Ba dole ba. Meta AI a WhatsApp kyauta ne, ChatGPT da Gemini da Copilot ma suna ba da damar yin wasu hotuna ba tare da biya ba, sai dai da iyaka. Midjourney na kuɗi ne. Data dai za ta tafi, don haka idan ka samu wanda kake so ka sauke shi a waya.

Wa ke da mallakar hoton? Kuma ba a tauye masu zane ba?

A Amurka, ofishin kula da haƙƙin mallaka ya tsaya a kan cewa abin da na'ura ta ƙirƙira ita kaɗai ba shi da kariyar haƙƙin mallaka, wata kotun tarayya ma ta tabbatar da haka a 2023. Don ratayawa a ofis ko sawa a fuskar waya ba matsala, amma idan za a sa a talla ko a sayar, a karanta sharuɗɗan manhajar.

Batun masu zane kuwa gaskiya ne, kuma yana damuna. An horar da na'urorin da ayyukan mutane da yawa ba da izininsu ba, har kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ya kai Stability AI, kamfanin da ya fitar da Stable Diffusion, kotu a 2023. Akwai kuma waɗanda ba a gani: a watan Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da ake biya ƙasa da dala 2 a awa suna tantance munanan rubuce-rubuce don tsabtace ChatGPT, wasunsu suka ce aikin ya bar musu tabo a zuciya. Idan muna zancen lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikaci, su ma ma'aikata ne. Ma'aikatar da ke da hali, ta ɗauki hoton da ma'aikatanta suka ƙirƙira ta kai wa mai zane na gari ya zana shi a bango da fenti, a biya shi haƙƙinsa.

Yaushe zan san abin ya wuce na hoto, sai likita?

Idan ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarka a ƙuntace, abin da ka saba jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita ranka, ko ka kasa tattara hankali a kan aikin da ka saba yi ido rufe, to lokacin ganin likita ya yi. Haka idan gabanka na yawan faɗuwa ba dalili, ko ka fara dogara da wani abin sha ko ƙwaya don ka iya wuni. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma zuwa asibiti ba ya hana addu'a.

Za ka iya farawa da likitan asibitin da ya fi kusa da kai, shi zai tura ka gaba. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai asibitin Dawanau da kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana a nuna wa mai wannan lalura wariya.

Idan kuwa tunanin cutar da kanka ko rabuwa da duniya ya fara zo maka, kada ka jira mako biyu, kada ka jira gobe. Ka faɗa wa wani na kusa da kai yanzu, ɗan uwa ko aboki ko limamin unguwa, ka ce ya raka ka asibiti. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112. Idan abokin aikinka ne ya faɗa maka irin wannan magana, kada ka bar shi shi kaɗai, ka ajiye abin da kake yi ka tafi da shi.